Tsofaffin Motocin Kwana-kwana na Garin Rochdale

A ƙasar Ingila akwai wani gari da ake kira Rochdale, yana kusa da birnin Mancesta, tazarar da ke tsakaninsu ba ta ma kai daga Kano zuwa Wudil ba. Gari ne na masaƙu tun asali, ulu da auduga su suka raya shi, kamar sauran garuruwan wannan yanki. Kada ki ɗauka ba mu da wata alaƙa da su 'yar uwa, domin kamfanin audugar nan BCGA da iyayenmu suka sani a Funtuwa da Zariya, a Mancesta aka kafa shi a 1902, don ya nemo wa masaƙun wannan yanki audugar da za su saƙa.

To a cikin wannan gari, daf da tashar jirgin ƙasa, akwai wani tsohon ofishin 'yan kwana-kwana mai doguwar hasumiya, wanda aka gina a 1933. Yau ba a fita kashe gobara daga cikinsa, an mayar da shi gidan tarihi. Ƙanen maigidana da ya yi karatu a Mancesta shi ya fara ba ni labarin wurin, ni kuma kun san halina da son bin diddigi, ban bar maganar nan ba sai da na ji asalinta. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne masu kula da gidan. 'Yan sa-kai ne, da yawansu tsofaffin 'yan kwana-kwana da suka yi ritaya, ba albashi suke karɓa ba. Tun 1983 suka buɗe shi a wani ɗan gini da ke bayan ofishin, inda a da ake gyaran motoci, suna tattara duk wani tsohon kayan aiki da aka yar. Da ma'aikata suka tashi daga babban ginin a 2014 sai suka yi ta fafutukar neman tallafi, har aka gyara musu shi suka tare, aka sake buɗewa a 2021 da sunan Fireground, wato filin da 'yan kwana-kwana ke fafatawa da wuta.

Wata za ta ce to mene ne abin kallo a tsohon bokiti da tsohuwar mesa? Bari ki ji yadda aka yi har bokitin ya zama mota.

Turawan nan da muke gani kamar da wayonsu aka haife su, sai da wuta ta gasa musu aya a hannu kafin suka yi hankali. Ranar 2 ga Satumba 1666, cikin dare, wuta ta tashi a gidan wani mai gasa burodi Thomas Farriner, a wani lungu na birnin Landan da ake kira Pudding Lane. Shi da iyalinsa suka fita ta taga suka bi ta rufin maƙwabta, amma 'yar aikin gidan tsoro ya hana ta hawa, ita ce ta fara rasa ranta, Allah Sarki. Gidajen birnin a lokacin na katako ne, a cushe, benen wannan yana neman taɓa na wancan, ga shi an daɗe ba ruwan sama komai ya bushe ƙayau, ga iska tana kaɗawa daga gabas kamar tamu ta hunturu. A bakin kogi kuma rumbunan 'yan kasuwa ne cike da mai da kitse da kwalta.

Aka je aka taso magajin garin, Thomas Bloodworth, aka ce ranka ya daɗe a ba da izini a rushe gidajen da ke gaban wutar don ta rasa abin ci. Ya dubi wutar ya raina ta, har ana ba da labarin ya ce wai wannan ai ko mace ta tsuguna ta kashe ta, ya koma ya kwanta abinsa. Kun ji fa, ko a nan ma sai da aka sako mu a ciki. Wutar da ya raina kwana 4 ta yi tana ci, ta cinye gidaje 13,200 da coci 87, har da babban cocinsu na St Paul. Sai da iska ta lafa, kuma aka riƙa tarwatsa gidaje da albarushi ana yanke mata hanya, sannan ta mutu. Mutanen da aka rubuta sun mutu 'yan kaɗan ne, amma masana da dama suna ganin sun fi haka, don talaka ba kowa ke ƙirga gawarsa ba.

Kayan aikinsu a wannan rana kuwa su ne bokitin fata, da dogon ƙugiya na jawo rufin ɗaki ƙasa, da wani abu na tagulla mai kama da ƙaton sirinji, mutum biyu su riƙe, na uku ya tura. Ki yi tunanin kashe wutar unguwa guda da wannan.

Bayan wannan masifa ne 'yan kasuwa suka hango riba. Wani likita mai suna Nicholas Barbon ya buɗe kamfanin inshorar gobara a 1680, wasu suka biyo baya, irin su Hand in Hand a 1696 da Sun a 1710. Dabarar ita ce ki riƙa biyan wani abu duk shekara, in gidanki ya ƙone su biya ki. To da yake kowace gobara asararsu ce, sai kowane kamfani ya ɗauki nasa 'yan kashe wuta, yawanci daga cikin masu tuƙa kwale-kwale a kogin Thames, aka ɗinka musu riguna masu launi. Gidaje a lokacin ba su da lamba, saboda haka duk gidan da ya biya sai a manna masa wani ɗan faranti na darma ko tagulla a bango mai ɗauke da tambarin kamfanin, wannan rana ce, wancan hannu biyu ne suna musafaha. Irin waɗannan farantai suna daga cikin abubuwan da gidajen tarihin kwana-kwana ke ji da su.

Akwai labarin da ake yawan bayarwa, wai in 'yan kamfani suka zo suka ga ba tambarinsu a bango sai su harɗe hannu su bar gida ya ƙone. Labarin yana da daɗin ji, ni ma da a littafina ne da na so in sa shi, amma waɗanda suka binciki takardun kamfanonin sun ce ba haka aka saba yi ba. Kuma in kin duba da hankali ai biri ya yi kama da mutum. Wutar da ta kama gidan maƙwabci ba ta karanta faranti, in an ƙyale ta gidan da ya biya za ta faɗa. Ban da haka, tun zamanin Sarauniya Anne aka yi doka a Landan cewa kowace unguwa ta ajiye injin kashe wuta, kuma injin da ya fara isa wurin gobara a ba masu shi sule 30, na biyu sule 20, na uku sule 10. Don haka abin da aka fi fama da shi ma shi ne tsere da rigima a kan wa ya riga wa.

Daɗaɗɗen abin da ke gidan na Rochdale, wanda suke tinƙaho da shi, wani inji ne na 1741, ƙirar Richard Newsham. Shi wannan bawan Allah sana'arsa ta asali yin maɓallin riga, amma shi ya fito da injin da ya yi zamani a farkon shekarun 1720, har birnin New York na Amurka ya sayi guda 2 a 1731. Kamanninsa kamar dogon akwatin katako ne a kan ƙafafu huɗu. Mutane su yi layi tun daga rijiya ko kogi suna miƙa bokiti hannu da hannu ana juyewa cikin akwatin, ƙarti kuma su jeru dama da hagu suna danna wasu dogayen sanduna sama da ƙasa, kamar masu daka a turmi ɗaya, wannan ya ɗaga wancan ya sauke. A cikinsa akwai wata tukunyar iska da ke matse ruwan, shi ya sa yake fita a miƙe ba yankewa. Mesar fata kuwa wadda ake ja har bakin wuta, mutanen Holan ne suka riga kowa, wani mai zane Jan van der Heyden da ɗan'uwansa suka fito da ita a Amsterdam tun wajejen 1672.

Aikin danna sandunan nan ba na rago ba ne, 'yan mintuna kaɗan mutum zai yi ya galabaita, sai a canja wani. Daga cikin 'yan kallo ake ɗiba, a biya su da 'yan kuɗi da giya, in giyar ta yanke kuma sai aiki ya tsaya. Ni dai abin da na tsinta a nan shi ne, a wancan zamani ɗan kallo ma yana da amfani. Mu kuwa a yau in gobara ta tashi, rabin taron waya ce a hannunsu suna ɗauka, wasu sun tare hanyar da motar za ta bi, in ta iso a makare kuma a bi ta da jifa, ba mai tambayar ko lungun namu mota na iya shiga, ko kuwa akwai inda za ta ɗebi ruwa a unguwar gaba ɗaya.

Wanda ya mayar da kashe gobara sana'a mai tsari wani saurayi ne ɗan shekara 24, James Braidwood, da aka naɗa shugaban 'yan kwana-kwanan birnin Edinbara a 1824. Ana lissafa rundunarsa a matsayin ta farko a ƙasar da hukumar gari ta kafa da kanta. Da ya tashi ɗaukar ma'aikata sai ya nemi magina da kafintoci da masu rufin ɗaki da matuƙan jirgin ruwa, don su suka san yadda gini yake tsaye da yadda yake faɗuwa, kuma ba sa tsoron hawa sama. Ya riƙa fitar da su atisaye tun da asuba. Shi ya koyar da cewa tsayawa a titi ana watsa ruwa ta taga ɓarnar ruwa ce kawai, dole a shiga ciki, a sunkuya ƙasa inda iska ta fi kyau, a nemi gindin wutar. A 1833 kamfanonin inshorar Landan suka haɗa rundunoninsu wuri guda suka kira shi ya shugabance su. A bakin aikin ya mutu, ranar 22 ga Yuni 1861, lokacin gobarar rumbunan Tooley Street, bango ya rufto masa. Wutar nan sai da ta yi mako 2 ba ta gama mutuwa ba, kuma asarar da kamfanonin suka tafka ta sa suka ce wa gwamnati sun gaji, ta karɓi kayanta. Haka aka yi, a 1866 rundunar Landan ta koma hannun hukuma.

Daga nan sai zamanin injin tururi da dawaki ke ja, ƙirar kamfanonin Merryweather da Shand Mason, tukunyarsa tana walƙiya, ana hura wutarta tun ana fita daga ofis don kafin a isa tururi ya taso. Wato da wuta ake zuwa kashe wuta. Sai kuma hular kwanon nan ta farin ƙarfe mai ruwan zinariya da tukku a sama, wadda in kin gan ta a hoto sai ki ce ta sarakuna ce. Sun daɗe suna ado da ita, sai da lantarki ya yawaita a gidaje aka gane hular ƙarfe da wayar wuta ba sa ga maciji, a shekarun 1930 aka fara ajiye ta.

Masaƙun auduga kuwa kullum cikin fargaba suke, ga ƙurar auduga a iska, ga daɓen katako da ya sha man inji. A 1883 wani attajirin Mancesta William Mather ya sayi izinin ƙera wata dabara ta Ba'amurke Frederick Grinnell, wato bututun ruwa a jikin silin mai 'yan kawuna da aka toshe da darma. Zafi na kaiwa wani mataki sai darmar ta narke, ruwa ya ɓarke a kan wutar ko da kowa yana barci. Kamfanonin inshora suka rage wa duk masaƙar da ta sa shi kuɗin da take biya, nan da nan masu masaƙu suka ruga. Ɗan kasuwa dai ko'ina ɗan kasuwa ne.

Ina kuma matan? Wannan ita ce tambayar da nake yi wa kowane tarihi. A da, ɗan kwana-kwana a wurin aikinsa yake zaune da iyalinsa. Babban ofishin Mancesta na London Road da aka buɗe a 1906 har da gidajen ma'aikata a cikinsa, da wurin wanki da filin wasan yara. Ke da kike ƙorafin maigida ba ya zama, ki tuna da matar da ƙararrawa ke kaɗawa a tsakar dare, miji ya zabura ya bar tuwo a kwano, ita kuma ta zauna tana sauraron dawowar motar, tana ƙirga waɗanda suka sauko.

Lokacin yaƙin duniya na biyu matan suka shiga aikin da kansu. A darare biyu kafin Kirsimetin 1940 jiragen Jamus suka yi wa Mancesta ruwan bama-bamai masu tayar da wuta, mutum fiye da 600 suka mutu, rumbunan yadi na tsakiyar birni suka kama ƙurmus. A irin waɗannan darare ne aka ga aibin kowane gari da tasa runduna, don 'yan agaji kan zo daga wani gari su tarar bakin mesarsu bai dace da famfon garin ba. Saboda haka a watan Agusta 1941 aka haɗe rundunoni wajen 1,600 suka zama ɗaya. Dubban mata suka sa kaki, suna karɓar waya, suna tuƙa motocin abinci da na fetur, wasu a kan babur suna kai saƙo bam na sauka. Da yaƙi ya ƙare aka ce to madalla, a koma kicin. Sai a 1982 aka fara ɗaukar mace cikakkiyar mai kashe gobara a Ingila, kuma sai 2017 mace, Dany Cotton, ta shugabanci rundunar Landan. A gidan na Rochdale an keɓe wa zamanin yaƙin nan wuri na musamman.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai, wanda kuma ya shafi ɗakin kowace ɗaya daga cikinmu, shi ne na kantin Woolworths da ke tsakiyar Mancesta. Ranar 8 ga Mayu 1979, da rana tsaka, kanti cike da masu sayayya, wata wayar lantarki da ta lalace ta kunna wuta a bayan kujerun da aka jibge a bene na biyu. Kujerun nan cikinsu soso ne, irin dai wanda ke cikin katifunmu da kujerun falonmu. Soso in ya kama, baƙin hayaƙi yake fitarwa mai guba, shaƙa kaɗan mutum zai yi ya faɗi. A benen akwai wurin cin abinci, kuma an ba da labarin wasu ba su tashi da wuri ba, suna ganin abin ba zai kai haka ba. Wasu tagogin kuma da ƙarafuna a jikinsu saboda ɓarayi, sai da 'yan kwana-kwana suka yanke su mutane na miƙo hannu ta ciki. Kantin ba shi da bututun nan na silin. Mutum 10 suka rasu a ranar, kuma hayaƙin ne ya kashe su tun kafin harshen wuta ya iso.

'Yan kwana-kwanan Mancesta ba su bar maganar ta wuce ba. Ɗaya daga cikin manyansu, Bob Graham, ya yi shekaru yana bin hukuma yana nuna musu yadda kujerar soso ke cinye ɗaki cikin 'yan mintuna, har a 1988 aka yi dokar da ta tilasta wa masu yin kujeru da makamantansu amfani da soso mai wuyar kamawa, da manna takardar shaida a jiki.

Yanzu ki ɗaga kai ki dubi ɗakinki. Katifa mai inci goma, kujeru saiti guda, labule har ƙasa, kafet bango zuwa bango, kayan da iyaye suka yi shekaru suna tarawa. Taga da ƙarfe, ƙofa da kwaɗo biyu, makulli kuma sai an lalubo shi a ƙasan jaka. Ga kaskon turaren wuta an tura shi kusa da gado, ga maganin sauro na igiya a gefen katifa, ga hita an bari a bokiti an ɗauke wuta an manta ba a zare ba, ga tukunyar gas a cikin ɗakin da ake kwana. In hunturu ya shigo kuma a shigo da gawayi a rufe ƙofa da yara a ciki. Ba ina cewa a cire ƙarfen taga ba ne, kowa ya san halin da ake ciki, amma me zai hana taga ɗaya a yi mata ƙarfe mai buɗewa, a rataye makullin inda ko yaro ya sani? Hausawa dai sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu ma ai muna da namu tarihin gobarar, mai yawa ma kuwa. Wadda aka yi a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris 2016 dubban shaguna ta ci, kuma kowace kasuwa babba a arewa tana da tata shekarar da ake tunawa. Sai dai mu namu a baki yake, a yi jaje, a ce Allah Ya mayar da alheri, a sake gini a kan toka yadda yake a da, da rumfuna a kan hanyar mota. Tsohon ɗan kwana-kwanan da ya san ta inda wutar ta faro da abin da ya hana a kashe ta da wuri, in ya yi ritaya ya tafi da iliminsa gida. Tsohuwar motar da ya yi aiki da ita kuma ta yi ta zama a bayan ofis tayoyi a sace, awaki na kwana a ƙarƙashinta, har ranar da 'yan gwangwan za su zo da ma'auni. Muna da Gidan Makama, muna adana kayan sarauta da na yaƙi, kuma hakan daidai ne, amma ni a ganina hular mutumin da ya shiga hayaƙi ya fito da jaririn wata ita ma ta cancanci a sa ta a gilashi.

Su waɗancan tsofaffi na Rochdale aikinsu ke nan, kankare tsatsa, shafa fenti ja, goge tagulla, neman wani ƙarfen da aka daina ƙerawa tun kafin a haife su, da jera tsofaffin hotuna da littattafan da ake rubuta kowace fita a ciki. Makarantu kan kawo yara, a sa musu hula ta rufe musu ido, wani dattijo ya tsaya kusa da injin Newsham yana nuna musu inda ake zuba ruwa da inda ake kamawa a danna.